Yadda ake kiwon salwa a bayan gida, tun daga ƙwai har ita ma ta fara saka nata

Abu na farko da nake so duk mai sha'awar kiwon salwa ya sa a ransa shi ne tsuntsuwar nan komai nata da sauri yake tafiya. Ƙwai kwana 17 zuwa 18 ya fashe, ɗan tsakon da zai fito bai wuce babban yatsanka ba, nauyinsa giram 6 zuwa 8 ne kacal, amma kafin sati 6 zuwa 8 macen ta fara saka nata ƙwan, kuma in ka riƙe ta da kyau guda ɗaya tana iya baka ƙwai 250 har zuwa 300 a shekara. To wannan saurin shi ne daɗin kiwon kuma shi ne wahalarsa, don sakacin da kaza zata jure maka kwana uku, salwa kafin yamma ta miƙe ƙafa. Kuma ni a abin da na gani da idona, yawancin asarar da sababbin masu kiwo ke yi ba cuta bace take kawo ta, ƴan ƙananan abubuwa ne da mutum baya kawowa a ransa, irin su zurfin mazubin ruwa, santsin ƙasan kwali, tsayin rufin keji, da yawan maza. Shi yasa zan fi daɗewa a kan waɗannan.

Wacce nake magana a kai ita ce salwar Japan, wadda ake kira koturniks, ita ce aka fi kiwo don ƙwai da nama. Akwai wata ta Amurka da ake ce wa bobwayit, ita ƙwanta kwana 23 yake yi kuma sai ta yi watanni kafin ta fara saka, don haka in zaka saya ka tambayi mai sayarwa wacce iri ce, kar ka ɗauki lissafin wannan ka ɗora wa waccan.

Keji tukuna, kafin tsuntsu

Dan Allah kar ka sayo salwa sannan ka fara tunanin inda zaka ajiye ta. Ka gama keji tsaf tukuna. Kowace babba ɗaya ka ware mata fili kamar santimita 30 tsawo da 30 faɗi, wato in guda 10 zaka ajiye kana buƙatar kusan murabba'in mita ɗaya. Masu kiwon kasuwa suna cunkusa su fiye da haka amma a bayan gida babu dalili, cunkoso shi ke kawo saran juna da wari da cuta.

Sai maganar tsayi, wadda mutane da yawa basu sani ba sai ta faru da su. Salwa in ta firgita ba gudu take yi ba, sama take zabura tsaye kamar an harba ta da roba. In rufin kejin yana tsaka-tsaki, misali santimita 60 ko mita ɗaya, zata samu isasshen gudun da zata bugi rufin da ƙarfi ta fasa kai ko ta karya wuya. Mafita biyu ce, ko dai ka yi kejin gajere, santimita 25 zuwa 30 yadda bata da wurin ɗaukar gudu, ko kuma ka yi shi dogo sosai kamar mita 2 wanda kai kanka zaka iya shiga ka tsaya. In kejin da kake da shi ya riga ya faɗa tsakiya to ka ɗaura raga mai laushi ko soso a ƙarƙashin rufin daga ciki.

Wayar da zaka zagaye da ita ta zama mai ƙananan ido, kamar santimita ɗaya da ɗan kai, mai ƙarfi, ba irin ta kaji mai manyan ramuka ba. Ɓera yana shiga ta ramin da ba zaka taɓa zato ba, maciji ma haka, mage kuwa ba sai ta shiga ba, hannu take zurawa ta jawo kan tsuntsu. Ka ɗaga kejin daga ƙasa a kan ƙafafu, ƙofa ta zama da sakata mai kyau, a samu inuwa da iska tana ratsawa amma ba iskar da zata dinga kaɗa su kai tsaye ba, ruwan sama kuma kar ya taɓa su. In ƙasan kejin waya ne ka sa tire a ƙasa mai tare kashi, ka ɗan karkata ƙasan kaɗan yadda ƙwai zai gangaro gaba, sannan ka ajiye musu ɗan katako ko faranti a wani lungu su samu inda zasu huta da ƙafa, don tsayuwa kan waya dare da rana tana kumbura musu tafin ƙafa. Salwa bata hawa sanda ta kwana kamar kaza, a ƙasa take rayuwarta, abin da take so shi ne wurin ɓuya, ko ɗan kwali ne ka huda masa ƙofa biyu ka kife musu zaka ga yadda hankalinsu zai kwanta.

Zaɓen ƙwai da ajiye shi

Salwar gida da wuya ta yi kwanci, ta saka ƙwai ta wuce abinta, don haka in kana son ƴan tsaki sai injin ƙyanƙyasa. In karon farko ne kuma baka da inji, ba laifi ka fara da ƴan sati 3 ko 4 waɗanda suka gama fitar da gashi, ka koyi halinsu tukuna.

In kuwa ƙwai zaka zuba, ka zaɓi masu tsafta, matsakaita, giram 10 zuwa 12, ba mai tsaga ba mai laushin ɓawo ba wanda ya fita daban a siffa. Kar ka wanke shi, akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke hana ƙwayoyin cuta shiga, ruwa yana tafiya da shi. Wanda ya ɓaci da kashi sosai kawai ka cire shi daga lissafi. Ka jera su tsinin yana kallon ƙasa, a wuri mai sanyi-sanyi kamar digiri 13 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas, ba cikin firji ba, kuma kar su wuce kwana 7 a ajiye don daga nan yawan waɗanda zasu fashe yake fara raguwa. In daga nesa aka kawo maka su sun sha jijjiga a hanya, ka barsu su huta awa 12 zuwa 24 kafin su shiga inji.

Cikin inji

Ka kunna injin babu komai a ciki ya yi kwana guda cur yana aiki, kana duba ko zafin yana tsayawa wuri ɗaya. Kuma kar ka yarda da lambar da injin ke nunawa ita kaɗai, ka sayi wani ma'aunin zafi da na danshi daban ka ajiye daidai tsayin ƙwan, ƙananan injina da yawa lambarsu tana kaucewa. Mai fanka a ciki digiri 37.5 ake so, marar fanka kuma kusan 38.5 in ka auna daga saman ƙwan. Danshi kashi 45 zuwa 55 cikin 100 a kwana 14 na farko.

Juyawa dole ce, in ba haka ba ɗan tayin zai manne a jikin ɓawo. In injinka baya juyawa da kansa ka ɗauki fensir ka yi alama a gefe ɗaya, wata alamar daban a ɗaya gefen, ka dinga juyawa sau 3 ko 5 a rana. Dalilin da yasa ake son adadin juyawar ya zama mara ba cika ba shi ne don kar ƙwan ya dinga kwana a gefe ɗaya kullum, tunda dare shi ne lokaci mafi tsawo da ba'a taɓa shi. Ka wanke hannu kafin ka taɓa, ka yi sauri ka rufe.

Wajen kwana 8 zuwa 10 zaka iya haska su da tocila mai ƙarfi a cikin duhu, sai dai ƙwan salwa yana da dabbare-dabbare, gani yana wahala. Wanda haske ya ratsa shi fes kamar ba komai a ciki to babu ɗa, wanda ya yi duhu ko kaga jijiyoyi ja yana raye. In kana kokwanto ka barshi, amma duk wanda ya fara wari ko yana tsattsafo da ruwa ka fitar da shi nan take kafin ya fashe ya ɓata sauran.

In wuta ta ɗauke kar ka buɗe injin, ka lulluɓe shi da bargo ka bar ƴar kafar iska, ƙwai yana jure ƴan awanni, sai dai ƙyanƙyasar ta ɗan yi jinkiri. Amma in ka san wutar inda kake bata da tabbas ka tanadi batir ko wata hanya tun kafin ka zuba ƙwan.

Ranar 14 da yamma ko 15 da safe ka daina juyawa, ka cire abin juyawar, ka shimfiɗa wani abu marar santsi a ƙasa, ka ƙara ruwa danshi ya hau kashi 65 zuwa 70, sannan ka rufe ka cire hannunka. Nan ne haƙuri yake ƙarewa mutane. Zaka ga ɗan tsini ya ɓullo a jikin ɓawo, ƙwan yana motsi kaɗan-kaɗan, har kana jin ƴar ƙara siririya daga ciki, sai kuma shiru na awanni, zuciyarka tana ce maka buɗe ka taimaka masa. Kar ka buɗe. Hutawa yake yi yana ƙarasa shanye gwaiduwa, kuma duk buɗewar da ka yi danshi yana fita, fatar cikin ƙwan ta bushe ta naɗe waɗanda basu fito ba. In lokacinsa ya yi zaka ga ya zagaye ɓawon da baki kamar ana yanka murfin gwangwani, ya tura da ƙafa ya faɗo a jiƙe sharkaf, kuma abin sha'awa da salwa sau da yawa kusan tare suke fitowa, cikin ƴan awanni injin ya cika da motsi. Ka barsu ciki su bushe gashinsu ya tashi, awa 12 har 24 ba komai, amma kar su wuce haka tunda jikinsu ƙarami ne basu da ajiya mai yawa. Sauran ƙwan da basu fashe ba ka basu zuwa kwana 19 ko 20.

Satin farko, inda aka fi asara

Kafin su fito ɗakin renonsu ya riga ya ɗumama. Babban kwali ko robar ajiya ya isa, da ƙwan fitila mai zafi a gefe ɗaya, ba tsakiya ba, yadda wanda zafi ya dama zai matsa ɗaya gefen. Digiri 35 a satin farko a ƙarƙashin fitilar, sannan kana rage kamar digiri 3 duk sati har su kai sati 3 zuwa 4 gashi ya rufe su. Amma su kansu ƴan tsakin sun fi ma'auni faɗin gaskiya, in sun dunƙule a ƙarƙashin fitila suna hawa kan juna suna kuka sanyi suke ji, in sun watse can bango baki a buɗe zafi ya yi yawa, in kuwa sun bazu wasu na ci wasu sun baje suna barci to daidai ne. Jar fitila ta fi fara, tana barinsu su yi barci kuma tana rage saran juna. Ka ɗaure ta da kyau da waya, fitilar da ta faɗo kan busasshiyar shimfiɗa gobara ce.

Kar ka shimfiɗa jarida ko leda ko kwali mai sheƙi. Ƙafarsu kamar tsinke take, in ta zame sau biyu uku sai ta baje gefe da gefe, tsakon ya kasa tsayuwa. Tsohon tawul marar zare a waje ko takarda mai kaushi a kwanakin farko, bayan kwana 4 ko 5 sun gane abinci sai ka koma ɓarzajjen katako busasshe. In ka samu wanda ƙafarsa ta baje ka haɗa ƙafafun biyu da siririn filasta ka bar tazara daidai yadda zai tsaya, in an yi da wuri cikin kwana biyu uku yana miƙewa.

Sai ruwa, kuma nan ne ni aka taɓa ni. Zubina na farko na sa musu ruwa a murfin kwalba mai faɗi, zurfinsa bai kai gaɓar yatsa ɗaya ba, a ganina wannan ai ba abin da zai yi. Da asuba na zo na tarar da guda huɗu a ciki, biyu sun riga sun mutu, biyu sun jiƙe sun yi sanyi ƙalau suna numfashi da ƙyar, na sa su a tafin hannuna ƙarƙashin fitila ina hura musu iska, ɗaya ya tashi ɗayan bai kai hantsi ba. Wallahi har yau in na tuna raina yana ɓaci, don abin da zai hana wannan tsakuwa ce kawai. Ɗan tsakon salwa barci yake kamawa a duk inda yake tsaye, ko da bakinsa a cikin ruwa ne. Ka wanke ƴan tsakuwa ka cika mazubin da su yadda ruwan zai tsaya a tsakankaninsu, su sha ta nan ba tare da jikinsu ya shiga ba, ka barsu haka har sati ɗaya zuwa kwana 10. Ruwan kar ya zama mai sanyi ƙarara, kuma lokacin da kake sa su a kwalin ka ɗan tsoma bakin kowanne sau ɗaya ya san inda yake.

Abincinsu na farko yana son furotin mai yawa, kashi 24 zuwa 28. Na ƴan tsakin kaji yawanci bai kai haka ba, in ba'a samu na salwa ba na ƴan talotalo ya fi kusa. Ka niƙa shi ya yi laushi a satin farko don bakinsu baya iya ɗaukar manyan ƙwayoyi, ka barbaɗa a kan shimfiɗa kwana biyu na farko, in ka ɗan ƙwanƙwasa wurin da yatsa zaka ga sun rugo suna tsattsaga. Kuma ka sa wa kwalin murfin raga tun kafin su cika sati biyu, tun a lokacin suke fara tsalle su fice.

Raba maza da mata

A sati 3 zuwa 4 masu launin asali suna nuna kansu, namiji ƙirjinsa ja-ja ne kamar tsatsa babu ɗigo, mace ƙirjinta fari-fari da baƙaƙen ɗigo. Farare da wasu launukan sai sun kai sati 6, ka juya tsuntsun ka ɗan matsa saman duburarsa a hankali, in farin kumfa ya fito kamar na sabulu namiji ne. Cara ma tana tona shi.

Namiji ɗaya ga mata 4 ko 5 ya isa. In maza suka yi yawa zaka ga ƙeyar matan ta zama sanƙo, wata har jini, su kuma mazan suna faɗan da har ido suke cirewa. Rarar maza ka ware su nesa da inda zasu ga mata, ko ka yanka a sati 6 zuwa 8 lokacin da suka cika. In ƙwan ci kawai kake so ba ka buƙatar namiji sam. Duk wanda aka ji wa rauni ka fitar da shi nan take, salwa in ta ga jini bata bari. Kuma in zaka dinga ƙyanƙyasa daga naka, lokaci-lokaci ka kawo namiji daga wani wuri, haɗa ƴan uwan juna yana saurin lalata salwa, ƙwai ya ƙi fashewa ƴan tsaki su dinga fitowa da nakasa.

Manya da ƙwai

Da sun fara saka sai ka koma abinci mai furotin kashi 18 zuwa 20 da kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ɓawon ƙwai, kashi 2.5 zuwa 3, ka canza a hankali cikin ƴan kwanaki kana gaurayawa. Ka ajiye dakakken ɓawon kawa ko ɓawon ƙwai da ka gasa ka daka a wani ɗan kwano daban, mai buƙata zata ci. Kowace tana cin giram 20 zuwa 30 a rana, amma suna da ɓarna, in mazubin a buɗe yake rabi a ƙasa zai ƙare, ka yi amfani da mai ramuka wanda kai kawai ke shiga. Tsabar hatsi zalla bata isa, zasu rayu amma ƙwai zai tsaya. Ganye da ƴan tsutsa a matsayin ƙari ba laifi in ba'a cika ba.

Haske awa 14 zuwa 16 suke so kafin su saka kullum, in rana ta gajarta ka ƙara ƴar fitila marar ƙarfi da yamma, amma kar ka barta har safe, suna buƙatar duhu su huta. Yawanci da la'asar zuwa magariba suke saka, don haka da yamma ake kwasa. In ka canza musu wuri ko wani abu ya tsorata su da dare suna iya tsayawa sati ɗaya ko biyu, ba cuta bace. Shekarar farko ita ce ganiyarsu, daga nan ƙwan yana raguwa, rayuwar tasu ma gaba ɗaya shekara 2 zuwa 3 ce galibi.

Ka basu roba da busasshen yashi su yi birgima. Wannan ba wasa bane kawai, shi ne wankansu kuma shi ke rage musu ƙuma da ƙwarƙwata.

Lafiya

Kashin salwa yana da yawa kuma yana da ƙarfi, in ka tsuguna daidai kejin ka ji wari yana yaji a ido to su sun daɗe suna shaƙa, kuma shi ke buɗe ƙofar ciwon numfashi. Ka kwashe tire duk kwana ɗaya ko biyu, ka wanke mazubin ruwa kullum, shimfiɗar da ta jiƙe ka cire ta a ranar, don a danshi ne cutar koksidiya ke yaɗuwa, wadda ke sa zawo wani lokacin da jini. Akwai kuma ciwon gyambon hanji da har ake kiransa cutar salwa, shi ma ta kashi yake bi kuma yana kisa da sauri.

Kullum da safe kafin ka zuba abinci ka tsaya minti biyu ka kalle su kawai. Salwa tana ɓoye ciwo, wadda ka gani ta kumbura gashi ta rufe ido a lungu bata rugo wa abinci ba, to ta jima tana fama. Ka ware ta a wuri mai ɗumi da ruwa kusa, ka duba dubura, ido, hanci da tafin ƙafa. Macen da ke yunƙuri tana tafiya a buɗe cikinta ya yi tauri ƙwai ne ya maƙale, ɗumi da kalsiyam suna taimakawa, kar ka matsa da ƙarfi ya fashe a ciki. Kar ka dinga zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa haka kawai don wani ya ce, ka nemi likitan dabbobi, in ya bada magani ka tambaye shi kwana nawa zaka daina cin ƙwan da naman.

Sabon tsuntsu ko daga wa ka karɓo ka ajiye shi daban sati 2 zuwa 4 kafin ya shiga cikin naka, kar ka haɗa su keji ɗaya da kaji don kaza tana ɗauke da cutar da ita bata nuna ba amma ta kwantar da salwa, ka kuma rufe saman kejin yadda kashin tsuntsayen waje ba zai faɗo ciki ba. In kuwa ka wayi gari ka ga da yawa sun mutu lokaci ɗaya ba tare da wani dalili da ka gani ba, kar ka ci kar ka sayar kar ka taɓa da hannu tsirara, ka hana yara zuwa wurin, ka sanar da jami'an lafiyar dabbobi a ranar don yana iya zama murar tsuntsaye.